Jatau Ya Yi wa Inabi Wankan Jego

A garin Banga babu wanda bai san Jatau ba, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. Shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ya tafi Gusau neman aiki, ya samu gadin ƙofa a wani ofishin gona, bai daɗe ba aka sallame shi. Ya dawo da farar riga irin ta ma'aikatan ɗakin gwaji, wadda ya ce kyauta aka ba shi, da kuma sunan da ya raɗa wa kansa, Dakta. Tun daga nan, in akuya ta yi tari sai ya faɗi sunan ciwonta da Turanci. In rediyo ya fara shaƙewa sai ya buɗe cikinsa, rediyon kuwa ba ya sake magana har abada.

Abu ɗaya ne ya gagari ilimin Dakta, shi ne tukunya. Matarsa Kulsumu ta tafi wankan gida Ƙaura, wajen mahaifinta Alhaji Hammadu, ta haifi ɗansu na fari. An yi suna an watse, tana can hannun gwaggonta Hindu ana ta wanka, shi kuma yana nan yana tuƙa tuwon da ko kajin gidan sai sun zagaya shi sau biyu kafin su sa baki. Wuyansa ya yi tsawo, farar rigar ta fara yi masa yawa. Don haka wata Juma'a ya shirya ya tafi Ƙaura, da niyyar ya gaida surukinsa, ya kuma ɗan ji ko yaushe mutanen gida za su dawo.

Alhaji Hammadu yana da itacen inabi da ya kawo daga Zariya shekaru da yawa, ya yi masa rumfa a ƙofar zaure. Duk baƙon da ya zo sai an tsinko masa, in kuma ya manta bai yaba ba, ba a sake tsinko masa. To a bana gindin itacen ya kumbura kamar maƙoƙo, ganyen ya bushe, uwar itacen ta mutu. Alhaji ya sa aka yanke rassan da suka fi lafiya, masu kaurin yatsa, aka ɗaure su dami guda don a sake dasawa. Sai dai an gaya masa cutar tana cikinsu su ma.

Jatau ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a bakin tabarma, ya sunkuyar da kai. Abin da ake so ga suruki shi ne ya gaisa ya yi shiru. Ya gaisa. Shirun ne ya gagara, don ya ji abokan Alhaji suna gardama, wani ya ce iska ce ta taɓa itacen, wani ya ce baki ne.

"Baba, ba iska ba ce," in ji shi, kansa a ƙasa. "Bakteriya ce."

"Wace ce ita?" in ji Alhaji.

"Ƙwayar cuta ce, Baba, ido ba ya ganinta. Ni dai na sha ganinta a Gusau. Maganinta ruwan zafi. A tsoma rassan a ruwa mai digiri hamsin, rabin awa, cutar ta mutu, iccen ya rayu."

Har zuwa nan gaskiya ya faɗa, don ya taɓa leƙawa ta taga ya ga ana yi. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma ya ƙara da cewa shi ma'aikatan suke kira in aikin ya cakuɗe musu.

Alhaji mutum ne mai magana a hankali. Ya dubi Jatau, ya tura masa damin da ƙafa. "To, Dakta, ga su nan. Su ke nan, babu wasu a duniya. Ranar da ganye ya fito, ranar ɗiyata za ta koma ɗakinta."

Jatau ya fito yana ganin kamar Kulsumu ta riga ta ɗora tukunya.

Aiki irin wannan yana son duro. A Sabon Garin Ƙaura, bayan tashar jirgi, ya sami wata mata da ta rufe sana'arta tun da aka ƙaddamar da Shari'a, tana neman kai da durunanta. Arhar da ya gani ta hana shi tambayar abin da ake dafawa a ciki. Ya ɗora duro a bayan kabu-kabu, ya zauna a kansa rungume da dami, suka shigo Banga yara na bin su.

Washegari ya kafa duwatsun murhu a ƙofar gida, don ilimin da aka yi a ɓoye bai ga amfaninsa ba. Ya cika duro, ya hura wuta, ya zaro reshe ɗaya daga damin ya riƙe a matsayin sandar nuni. Sannan ya aika aka kira Dogo mai kemis, ya zo da ma'aunin zafin jiki, ɗan gilashin nan da ake sa wa majinyaci a hammata. Shi kaɗai ne a garin, Dogo kuwa a cikin auduga yake kwantar da shi.

"Ka riƙe shi a hankali, Dakta," in ji Dogo. "Ko matata ba ta taɓa shi."

"Na riƙe wanda ya ninka shi tsawo. Matsa."

Ya ɗaura masa zare ya zura a ruwa. Ya ɗago ya duba, layin ya hau har ƙarshe.

"Nawa?" in ji Lado, maƙwabcinsa mai lambu, wanda ya bar ban ruwa ya zo kallo.

"Arba'in da biyu. Saura kaɗan. A ƙara icce."

Aka ƙara. Ya sake dubawa, arba'in da biyu. Aka ƙara kara, aka ƙara kututture, ruwa ya fara waƙa. Arba'in da biyu.

"Dakta," in ji Dogo, "anya akwai hamsin a jikinsa? Ni dai tun da na saye shi ban taɓa ganinta ba."

"Kai da kake auna masu masassara ina za ka ga hamsin? In zafi ya kai, da kanta take fitowa."

Ya sake zurawa. Aka ji ƙas. Ya jawo zare, sai ɗan guntun gilashi yana lilo. Dogo ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo kamar mai karɓar gawa.

"Yanzu in mutum ya zo da zazzaɓi mi zan sa mishi?"

"Taɓa goshinsa. Wanga ma'auni na jabu ne, gara da na gano maka."

Lado ya ce shi dai ya ga hamsin ɗin, ita ce ta fito ta fasa gida. Aka watse ana dariya. Allah ya taimaka damin yana gefe ba a tsoma ba.

Jatau ya zubar da ruwan, ya zauna yana tunani, sai dabara ta faɗo masa. Wa ya fi kowa sanin ruwan zafi a ƙasar nan? Ai masu wankan jego. Mace ta haihu jikinta ɗanye, a yi ta gasa ta da ruwa har ta yi ƙwari. Reshen da aka yanke daga uwarsa shi ma ɗanye ne. Ya yi mamakin yadda mutanen Gusau da duk karatunsu ba su hango wannan ba.

Ya koma Ƙaura, ya zagaya ta bayan gida don kada ya haɗu da Alhaji. Ya tarar da Gwaggo Hindu a bakin rariyar banɗaki tana faɗa ita kaɗai, ruwa ya taru ya ƙi wucewa.

"Gwaggo, ina wuni. Ya mai jego? Na ce ba, ruwan nan da kuke yi mata, yana dai yin zafi yadda ya kamata?"

Gwaggo ta miƙe ta dube shi, ranta ya yi fari. "Allah sarki. Ka ga miji. Kwantar da hankalinka, ɗan nan, ni ba na wankan wasa. Sai ruwa ya tafasa yana tsalle, in sa ganyen darbejiya, in yi ta fyaɗa mata safe da yamma. In an gama ta hau gado da garwashi a ƙarƙashi ta gasu, a rufe ta da zane, ta sha kunun kanwa mai yaji."

"Ba a aunawa?"

"A auna mi? In ba ta yi ƙara ba, bai yi ba. Ba ni sandan nan taka, rariyar ga ta ishe ni."

Kafin ya buɗe baki ta fizge reshen da ke hannunsa, ta zurkuɗa rariya, ruwa mai tururi ya wuce, ta caka shi a cikin taɓon gefe don gobe. Jatau ya so ya ce inabin Alhaji ne, ya ga in ya faɗa sai an tambaye shi dalilin yawo da shi. Ya bar shi nan. Ta cikin katanga ya jiyo muryar Kulsumu tana cewa, "Gwaggo, ki tambaye shi ko yana cin abinci." Ya amsa da ƙarfi cewa har ƙiba ya yi.

Da ya dawo Banga bai rage komai daga abin da aka gaya masa ba. Ya tafasa ruwa har yana tsalle, ya zuba darbejiya, ya tsoma damin gaba ɗaya. Ya tsaya ya ji ko za su yi ƙara, ba su yi ba, ya ƙara wuta. Ya tsamo su ya fyaɗa musu ganye, ya shimfiɗa su a kan guntun kwanon rufi da garwashi a ƙarƙashi, ya naɗe su da zanen Kulsumu. Kunun kanwa ne ya ba shi wahala, don bai iya damu ba, amma ya yi wani abu mai gudaji ya shafa musu a gindi. Da yamma ya maimaita.

Abin da bai lura ba shi ne wari. Ran farko ruwan sabo ne kuma hankalin kowa na kan ma'auni. Yanzu da duro ya sha wuta safe da yamma, sai tsohuwar sana'arsa ta farka. Wani tsami ya tashi ya bi layi, ya shiga masallaci ana sallar la'asar, har wasu dattawa biyu suka gane shi nan take, suka kuma yi kamar ba su gane ba.

Ana sallamewa Malam Zakariyya, shugaban 'yan agajin garin, ya biyo warin da mutanensa, rabin gari na biye.

"Salamu alaikum. Malam Jatau, mi ake dafawa?"

"Inabi ne, Malam."

Malam Zakariyya ya dubi duro, ya shaƙi iska, ya ja da baya. "Inabi. A duro. Da rana tsaka, a ƙofar gida. Ko ɓoyewa ba ka yi ba?"

"Mi zan ɓoye? So nake kowa ya koya. Nan gaba kowane gida a Banga sai ya kafa nashi."

"Kun dai ji da kunnenku," in ji Malam.

"Ba 'ya'yan ba ne, Malam, iccen ne."

"Har da iccen ake yi yanzu?"

Aka ce a ɗanɗana ruwan a tabbatar. Kowa ya dubi na kusa da shi. Dogo ya ce da ma'auninsa na raye da ya auna musu. Wani ya ce Lado ya ɗanɗana, Lado ya ce shi bai san ɗanɗanon abin ba balle ya gane shi, a ba wanda ya sani. Babu wanda ya yarda ya sani. Daga ƙarshe Malam ya ce a tuntsurar. Aka sa gora aka ture duro, tafasasshen ruwa ya kwararo, jama'a suka watse kowa ya tattare riga, dattawan nan biyu suka riga yara kaiwa bakin katanga. Babu komai a ciki sai dafaffen ganye.

"Ina inabin?"

Jatau ya nuna kwanon rufi. Malam ya matsa, ya ga abu a naɗe cikin zanen mace yana tururi, ya ɗaga bakin zanen da tsinin sanda. Ga 'yan itatuwa a jere, sun yi baƙi, an shafe musu gindi da kunu.

"Wannan fa?"

"Jego suke yi, Malam. A rufe su kada iska ta shige su."

Malam Zakariyya ya yi ƙoƙarin danne dariya. Ya ciji leɓe, ya dubi sama, ya gyara rawani. Sannan ya ce wannan ba hurumin kwamitinsa ba ne, a nemi dangin mutumin. Duron dai suka tafi da shi.

"Dakta, yaushe ne suna?" in ji Lado. "In kawo rago ko taki?"

Jatau ya dasa su a bayan gida kusa da rijiya, ya kewaye da zana, ya hana kowa leƙawa. Kullum da safe sai ya durƙusa ya duba idanun rassan. Babu toho. Ya taɓa ɗaya, ɓawon ya saɓule a hannunsa kamar na dafaffen dankali. Ya ce barci suke. Ya ci gaba da ban ruwa, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ana haka saƙo ya zo daga Ƙaura, Alhaji zai zo ganin dashe bayan sati biyu. Jatau ya tsaya a bakin rijiya, idonsa ya faɗa kan lambun Lado, inda rogo ya yi kore shar. Karan rogo sanda ne mai ido, inabi ma haka. Ganyen rogo mai yatsu ne, na inabi ma in an yi masa adalci yana da ɗan yatsu. Rogo kuwa ko a kan juji ka jefar sai ya tsira. Lado na tafiya kasuwar Shinkafi, Jatau ya tsallaka ya saro kara.

Ranar da Alhaji ya zo, a motar haya ya zo da abokansa, har da Gwaggo Hindu da ƙunshin turaren wuta da tsintsiya, don ta gyara ɗakin Kulsumu. Jatau na ganin tsintsiyar nan ya ji kamar ya yi kuka don daɗi. Ya sa farar riga. Mutanen gari suka taru ba a gayyace su ba, Malam Zakariyya da Dogo a gaba. Ya yaye zana.

Ga layi biyu na tsiro, kore, kowane da ganyensa a buɗe. Jama'a suka dubi juna, don kowannensu ya noma abin tun yana yaro.

"Kamar yadda kuke gani," in ji Jatau, "bakteriya ta mutu."

"Dakta," in ji Lado, "wanga inabi naka ya yi kama da wani wanda na sani."

"Duk ganye kama yake yi in yana ƙarami."

"Har da jan kara? Irin wanga daga Zurmi na kawo shi, ni kaɗai ke da shi a garin ga. Ina ta zagin awaki ashe akuyar farar riga gare ta."

"Zafi ne ke canja kamannin ganye. Wanda bai yi karatu ba ba zai gane ba."

Alhaji ya tako a hankali, ya durƙusa, ya murza ganye ɗaya ya sansana. "Madalla, Dakta. Abu ɗaya nake so ka ƙarar da ni. In ya tashi yin 'ya'ya, rumfa zan kafa masa, ko fartanya zan nema?"

Dariyar da aka riƙe ta ɓalle. Dogo ya zauna a ƙasa. Wata akuya ta kutsa ta bayan zana ta jawo zanen Kulsumu da aka cusa a lungu, baƙaƙen itatuwa suka zube a gaban kowa. Alhaji ya ɗauki ɗaya, ya matsa, ya rugurguje a hannunsa. Dariya ta tsaya, don kowa ya san yadda yake ji da itacen nan. Jatau ya tuɓe takalma, ya durƙusa. Ya ga Gwaggo a bakin zaure tana mayar da tsintsiya cikin ƙunshi.

"Yaya," in ji ta, "ka gaya masa mana, kada ya shiɗe mana a nan."

Alhaji ya karkaɗe hannu. "Akwai sanda a bakin rariyar gidana. Hindu ta ce daga hannunka ta karɓa. Shekaranjiya na zagaya na tarar ta yi ganye huɗu. Na inabi, ba na Zurmi ba. Na ce ranar da ganye ya fito ɗiyata za ta koma, ganye kuwa ya fito. Shi ya sa muka zo da tsintsiya."

Gwaggo ta sake zaro tsintsiyar. Abin da ya rage ga Jatau shi ne ya ce na gode, Baba, ya yi shiru. Ya ce na gode. Sai ya ji idanun mutane a kansa, ya ji farar rigar a jikinsa, ya miƙe.

"Ai da gangan na bar shi can, Baba. Waɗannan na gwaji ne. Wancan shi ne ainihin aikin. Na lissafa, ruwan jego in ya gangaro ta rariya ya huce daidai hamsin. Kuma in gaya muku, ba kowane ruwan zafi ba, sai wanda mai jego ta yi wanka da shi. In aka yanke masa ko na yini ɗaya kafin ya yi 'ya'ya, bakteriya za ta dawo."

"Ko na yini ɗaya," in ji Alhaji.

"Ko na yini ɗaya, Baba."

"Yaushe yake 'ya'ya?"

"In an bi ƙa'ida, shekara biyu."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya juya wajen ƙanwarsa. "Hindu, mayar da tsintsiya. Kin ji abin da Dakta ya ce. A ƙaro itacen wuta, wanka bai ƙare ba."

Sai da motar ta tashi sannan maganar ta isa kan Jatau. Ya bi ta da gudu ba takalmi, ya kama bakin taga.

"Baba, ka tsaya. Wallahi ban san komai a kan inabi ba. Gadi na yi a Gusau, ta taga na leƙa."

Mutanen Banga suka dubi juna, don ba su taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba. Alhaji ya leƙo, fuskarsa babu alamar wasa.

"Haba, Dakta. Kada ka ƙasƙantar da kanka a gaban mutane."

Mota ta wuce. Lado ya dafa kafaɗarsa ya ce ya bar masa rogon, tunda ko bai iya tuwo ba, ya ga ya iya tafasa abu.